Ilimi da Sana'a: Naɗin waya, ruwan Jiratawa da kuɗin manoma

Duk wanda ya gangara kudu daga Maraɗi a tsakiyar rani, ya shiga kwarin Gulbi ta wajen Jiratawa, cikin gundumar Madarumfa, zai ga abin da zai tsayar da shi. Gonakin tudu sun bushe ƙurmus, babu komai cikinsu sai kututturen gero da sawun dabbobi, amma a can cikin kwari zogale da kayan miya suna nan kore shar. Ruwan da ke raya su ba daga sama yake zuwa ba, ba kuma daga Gulbi ba, domin Gulbin Maraɗi ƴan watanni kawai yake gudana a shekara, gudun nasa ma ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya. Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ta rijiyoyin burtsatse waɗanda ake ce wa foraji. Tun farkon shekarun 1980 da aka shimfiɗa wannan fili na noman rani, mai kimanin hekta 500 a lokacin, ƙarƙashin kulawar ma'aikatar ONAHA da ƙungiyoyin manoma, famfuna masu aiki da kuran ne ke ɗaga wannan ruwa.

Manomi yana ganin ruwa na kwarara cikin kwata, ma'ajin ƙungiya yana ganin takardar kuɗin wuta ta NIGELEC a ƙarshen wata, ɗan kasuwa kuma yana jiran buhunan ganye a bakin hanya. Amma kaɗan daga cikinsu ne suka taɓa ganin abin da ke yin ainihin aikin. Sai ranar da famfo ya tsaya, aka zaro injin, aka kai shi rumfar mai gyara a Maraɗi, aka kwance shi, sannan ake ganin cewa babu wani abin mamaki a ciki. Tulin fallayen ƙarfe ne, da wayar jan ƙarfe da aka naɗa, aka naɗa, aka sake naɗawa, wadda yanzu ta yi baƙi ƙirin tana warin ƙuna. Mai gyara ya dubi injin ya ce bobin ta ƙone, ya faɗi kuɗin sabon naɗi. Daga nan sai ciniki ya kama, irin cinikin da mai saye bai san abin da yake saye ba. Alhali kuwa shuka ba ta san ana ciniki ba: kwana kaɗan babu ruwa a cikin zafin bazara sun isa su cinye wahalar wata uku.

To, mene ne waya naɗaɗɗiya ke yi da har take ɗaga ruwa daga zurfin ƙasa?

Labarin ya faro ne a shekarar 1820, a birnin Kwafanhagan na ƙasar Danmak. Wani malamin jami'a mai suna Hans Christian Oersted ya lura cewa idan kuran na batir ya bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da wayar sai ta karkace, ta daina nuna arewa. Da aka yanke kuran, sai ta koma inda take. Da aka juya batirin, sai ta karkata ta ɗaya ɓangaren. Kafin wannan lokaci masana suna ɗaukar lantarki da maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, a matsayin abubuwa biyu da babu dangantaka tsakaninsu. Oersted ya buga abin da ya gani a watan Yuli na wannan shekara, labarin ya isa Paris a watan Satumba, kuma cikin ƴan makonni André-Marie Ampère ya fara gabatar da nasa binciken a gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa. Sunansa ne ake ambata har yau a duk lokacin da aka ce inji yana jan amper kaza.

Abin da aka gane shi ne, duk wayar da kuran ke bi ta cikinta tana kewaye da wani ƙarfi wanda ido ba ya gani, mai zagaya wayar kamar yadda zobe ke zagaya yatsa. Wannan wuri da ƙarfin ya mamaye shi ake kira fagen maganaɗisu. Kusa da waya yana da ƙarfi, yana raguwa gwargwadon nisa. A miƙaƙƙiyar waya ƙarfin ya watse a tsawonta duka, saboda haka ba ya iya komai sai motsa allura. Amma idan aka lanƙwasa wayar ta zama kamar awarwaro, ƙarfin kowane sashe nata zai bi ta tsakiyar awarwaron yana fuskantar wuri guda. Idan kuwa aka yi zagaye goma, ko ɗari, ko dubu, ɗaya na bin ɗaya, sai ƙarfin kowane zagaye ya hau kan na ɗan'uwansa. A nan ne naɗin waya ke zama maganaɗisu sosai, mai kai biyu, na arewa da na kudu, kamar wanda yara ke cirowa daga tsohuwar lasifika suna jan ƙusoshi da shi. Bambancin kawai, wannan yana da makulli: a ba shi wuta ya kama, a ɗauke ya saki. Wanda yake son sanin kan arewa, sai ya rungumi naɗin da hannun dama, yatsunsa huɗu na bin hanyar da kuran ke bi, inda babban yatsa ya nuna nan ne arewa.

Lissafin wannan abu ba shi da wuya, ɗan kasuwar da ke lissafin tiya da buhu zai kama shi nan take. Ƙarfin naɗi ya dogara ne ga yawan zagaye a ninka da yawan kuran. Zagaye 100 da amper 2 daidai suke da zagaye 200 da amper 1, muddin tsawon naɗin ɗaya ne. Naɗi mai tsawon santimita 10, mai zagaye 100, idan amper 1 ya bi ta cikinsa, ƙarfin da ke tsakiyarsa ya ninka na ita kanta ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas a wannan yanki, fiye da sau 30. Wannan ma ya isa gargaɗi ga mai neman alƙibla da kamfas. Daga Madarumfa alƙibla tana gabas ne, da ɗan karkata zuwa arewa kimanin digiri 19, amma wanda ya aje kamfas ɗinsa kusa da lasifika ko injin da ke aiki, allurar za ta nuna masa abin da ke kusa da ita ne, ba arewa ba.

Duk da haka, waya ita kaɗai ba za ta ɗaga ruwa ba. Sai an sa ƙarfe a tsakiya. A shekarar 1825 wani Bature na Ingila mai suna William Sturgeon, wanda ya fara rayuwa da koyon ɗinkin takalma kafin ya shiga soja, ya nuna wani lanƙwasasshen ƙarfe mai nauyin kimanin giram 200 da ya naɗa wa waya zagaye 18. Da ya haɗa shi da batir, sai ƙarfen ya ɗauki nauyin kimanin kilo 4, wato ninkin nauyinsa ashirin. Wayar Sturgeon tsirara ce, dole ya bar tazara tsakanin zagaye da zagaye don kada su taɓa juna. Joseph Henry na Amurka ne ya rufe wayarsa da zare, har da na alharini, ya samu damar cusa zagaye masu yawa, wani bisa wani, kuma a 1831 ya ƙera wanda ya ɗauki fiye da kilo 900. Wannan sutura ta waya, wadda a yau ta zama siririn shafi mai ƙyalli kamar fenti, ita ce ran inji. Za a komo kanta.

Dalilin da ya sa ƙarfe ke ƙara ƙarfin haka shi ne, cikinsa cike yake da ƙananan yankuna, kowanne ɗan maganaɗisu ne mai zaman kansa. A zaman yau da kullum kowanne ya sa gabansa inda ya ga dama, kamar mutane a kasuwa ranar cinta, saboda haka ƙarfin wannan na kashe na wancan. Da zarar naɗin waya ya ba da nasa ɗan ƙarfin, sai yankunan nan su juyo su fuskanci wuri guda, ƙarfinsu ya haɗu, ya ninka na wayar sau ɗaruruwa, wani lokaci fiye da haka. Sai dai abin yana da iyaka, kuma wannan iyaka ita ce yawancin masu inji ba su sani ba. Idan duka yankunan suka juyo, babu sauran wanda za a juyo da shi. Ƙarfen ya ƙoshi ke nan. Daga nan duk kuran da aka ƙara, kusan babu abin da zai haifar sai zafi. Ɗan lakkol zai iya gwada farkon wannan labari da doguwar ƙusa, da waya mai sutura, da batir ɗin tocila guda, ya ga yadda ƙusar ke ɗaukar allurai, ya kuma ji yadda wayar ke ɗumama a hannunsa. Amma da batir kawai, ba da wutar gida ba.

Sauran rabin ilimin Michael Faraday ne ya kawo shi a Landan a 1831. Ya nuna cewa hanyar tana da dawowa: kamar yadda kuran ke haifar da maganaɗisu, haka maganaɗisu mai motsi, ko mai ƙaruwa da raguwa, ke haifar da kuran a cikin wayar da ke kusa da shi. A kan wannan ne aka gina duk janareta, tun daga ƙaramin da mai shago ke tayarwa da igiya har zuwa manyan injunan madatsar Kainji. A kansa kuma aka gina taransifo, wanda ba komai ba ne illa naɗi biyu a kan ƙarfe ɗaya, babu waya tsakaninsu. Idan na farko yana da zagaye 1,100 aka ba shi bolt 220, kowane zagaye ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na bolt ke nan, na biyu mai zagaye 60 sai ya ba da bolt 12. Ta haka ake ɗaga wuta zuwa bolt 132,000 don ta yi doguwar tafiya a layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, ta haka kuma ake sauko da ita mataki mataki har ta kai bolt 380 zuwa 400 da famfo mai layi uku ke buƙata. Bobin ɗin babur ɗin kabu-kabu ma ɗan taransifo ne, mai mayar da ƴar wutar babur dubban bolt don ta yi tartsatsi.

Yanzu sai injin famfo kansa. Kuran na NIGELEC ba ya tafiya gaba ɗaya kamar na batir, yana kai da komowa ne sau 50 a daƙiƙa. Babban inji kuma layi uku yake karɓa, kuma kuran ɗin layukan nan uku ba ya kai ƙololuwa a lokaci ɗaya, bi da bi yake yi. Wanda ya taɓa kallon mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya ga yadda abin yake: wannan taɓarya na sauka, waccan na tashi, ta uku na tsakani, turmi bai taɓa zama babu duka ba. A jikin injin an jera naɗi uku a kewaye, kowanne da layinsa. Na farko ya yi ƙarfi, sai na biyu, sai na uku, sai a komo na farko. Sakamakon haka shi ne maganaɗisu da ke zagaya cikin injin ba tare da wani ƙarfe ya motsa ba, sau 50 a daƙiƙa, wato sau 3,000 a minti a irin injin da aka fi sa wa famfo. Galileo Ferraris na Italiya da Nikola Tesla a Amurka su ne suka fito da wannan dabara a shekarun 1880.

A tsakiyar injin akwai ganga ta ƙarfe mai sanduna a jikinta, wadda babu wata waya da ta haɗa ta da wuta. Maganaɗisu mai zagayawa yana wuce sandunan, ya haifar da kuran a cikinsu bisa ƙa'idar Faraday, kuran ɗin ya mayar da gangar ita ma maganaɗisu, sai ta kama bin wanda ke zagayawa. Ba ta taɓa cim masa, domin da za ta cim masa da kuran ɗin cikinta ya mutu. Shi ya sa a kan farantin da ke manne jikin inji ake ganin an rubuta 2,850 ko 2,900 maimakon 3,000. Wannan ƴar tazara ita ce ma'aunin wahalar inji. Idan kaya ya yi nauyi, gangar ta ƙara ja baya, tazara ta ƙaru, sai naɗin ya ƙara jan kuran. A lokacin tashi, sa'ad da gangar ke tsaye cik, inji kan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja a tafiyarsa ta kullum, abin da ya sa fitilu ke dusashewa a unguwa idan mai niƙa ya tada injinsa.

Daga nan ake gane yadda inji ke mutuwa. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya daidai da kuran, gaba yake yi da shi: a ninka kuran sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu. Jan ƙarfe kansa yana jure zafi mai yawa, amma siririn shafin da ke jikinsa ba ya jurewa. Ƙa'idar da masu ƙera injuna ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 bisa abin da aka tsara wa shafin yana rage rabin kwanansa. Yana bushewa, ya tsattsage, wata rana zagaye biyu maƙwabta su taɓa juna, kuran ya samu gajeriyar hanya, wurin ya yi ja, naɗin ya tashi aiki. Mutane kan ce inji ya ƙone dare ɗaya. Sau da yawa ya yi watanni yana dahuwa, daren nan ƙarshe ne kawai.

Abubuwan da ke kawo wannan zafi sanannu ne a kwarin Gulbi. Yashi ya shiga famfo ya daɗa masa nauyi. Ruwan rijiya ya ja baya a ƙarshen rani, injin da ruwa ke sanyaya shi ya koma aiki a bushe. Wuta ta yi rauni, ta sauko ƙasa da abin da aka rubuta a faranti, inji ya rama da jan kuran mai yawa don ya ɗauki kayan da bai ragu ba. Mafi muni, layi ɗaya cikin uku ya yanke inji na cikin tafiya: mace ɗaya ta aje taɓarya, biyun da suka rage suka ci gaba da dakan mutum uku, cikin ɗan lokaci sun gaji. Ga kuma janareta. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, kuma ba a maido ta ba sai bayan da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a 2024. A irin wannan lokaci kowa janareta yake nema. Amma janaretan da ya yi wa inji kaɗan yana durƙushewa wajen tashi, wanda kuma aka rage wa gudu don tsimin mai yana ba da wutar da kai da komowarta bai kai 50 ba. Duka biyun naɗin waya ne ke biyan kuɗinsu.

To, a komo rumfar mai gyara, inda ake cinikin. Naɗin inji sana'a ce ta gaske, kuma akwai gwanaye a Maraɗi da Katsina da Kano waɗanda injin da ya fito hannunsu kan yi shekaru yana aiki. Ba don su ba da rabin injunan ƙasar nan suna juji. Amma jan ƙarfe da kilo ake sayar da shi, kuma idan mai inji ya matsa sai an rage kuɗi, wuri ɗaya ne mai gyara zai rage, shi ne wayar. Hanyoyin ragin kuwa ba a ganinsu da ido bayan an rufe inji.

Ta farko ita ce rage yawan zagaye, kuma a nan akwai abin da ke ruɗa ko wanda ya yi lakkol. Zai ce tunda ƙarfin naɗi ya dogara ga zagaye, inji mai ƙarancin zagaye zai yi rauni ne kawai. Ba haka ba ne a wutar da ke kai da komowa. Wayar babban inji gajeriya ce mai kauri, ba ta da wata turjiya ta a zo a gani, kuma abin da ke hana kuran kwarara cikinta kamar ambaliya shi ne maganaɗisun da ita kanta ta haifar, wanda sauyawarsa ke tura wutar baya. Kowane zagaye yana da rabonsa na wannan turawa. Idan wurin zagaye 100 aka sa 90, bolt ɗin layi bai ragu ba, saboda haka dole kowane zagaye ya tare fiye da rabonsa, wato ana neman ƙarfen ya ba da ƙarin maganaɗisu kimanin kashi 11 cikin ɗari. Masu ƙera inji kuwa ba su bar wa ƙarfen rara mai yawa ba, dama yana kusa da ƙoshi. Sai kuran ya hau, inji ya riƙa gurnani yana zafi ko ba a ɗora masa kaya ba. Ranar gwaji zai tashi da ƙarfi kamar doki, mai shi ya yi murna ya biya. Takardar wuta da wata shida masu zuwa ne za su faɗa masa gaskiya.

Ta biyu ita ce siririyar waya. Tsakanin waya mai kaurin milimita 1 da mai 0.8 ido ba ya ganin wani babban bambanci, amma hanyar da kuran zai bi ta koma kashi 64 cikin ɗari, zafin da za ta yi kuma ya ƙaru da fiye da rabi. Ta uku ita ce sanholo, wato alminiyam, wanda ake yi wa rufin jan ƙarfe a waje har ya yi kama da na gaske. Sanholo yana wuce da kuran kimanin kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke wucewa da shi. Shi kansa ba abin zargi ba ne, manyan wayoyin da ke kan turaku ma yawancinsu da shi aka yi, kuma injin da aka tsara da shi tun daga masana'anta, aka ba shi kaurin da ya dace, yana aikinsa. Zamba ita ce a sayar da shi da sunan jan ƙarfe da kuɗin jan ƙarfe, ko a cusa shi a ramin da aka auna wa jan ƙarfe. Wannan ya shafi ɗan kasuwar da ke sarin fanka, da injin daidaita wuta, da ƙananan famfuna da janareta daga Kano ko Kwatano, domin shi ne wanda mai saye zai komo wa. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. A kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a ciki to sanholo ne. A kuma ɗaga kayan a hannu: sanholo bai kai sulusin nauyin jan ƙarfe ba, fanka biyu masu girma ɗaya da ɗaya ta fi ɗaya sauƙi sosai ba kaya ɗaya ba ne.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta ha'inci ba ce, ta gaggawa ce. Ƙarfen cikin inji ba dunƙule ba ne, fallaye ne sirara da aka jera, kowane falle da shafin da ya raba shi da na kusa da shi. An yi haka ne don kada maganaɗisu mai sauyawa ya haifar da kuran mai yawo a cikin ƙarfen kansa ya dafa shi. Mai gyaran da ya jefa inji cikin wutar itace ko ta taya don tsohuwar waya ta yi saurin fita yana iya ƙona wannan shafi. Bayan haka ko da wayar zinariya aka naɗa, ƙarfen zai riƙa zafi, kuma injin da aka yi wa haka sau biyu ko uku ya fi kyau a lissafa kuɗin wutar da yake ci a shekara kafin a sake kai shi naɗi.

Ma'aikacin gwamnati da ke sa hannu a takardar biyan kuɗin gyara, da ma'ajin ƙungiyar manoma, ba sai sun zama masu gyara ba kafin su tsare dukiyar da aka ba su amana. Ya isa a ce kafin a yanke tsohon naɗi an ƙirga zagayensa, an auna kaurin wayarsa, an rubuta a takarda a gaban wakilin mai inji. Tsohuwar wayar da aka cire a ɗora ta a sikeli, sabuwar da za a sa ita ma a auna ta, nauyin biyu kada su yi nisa da juna. Gwanin mai naɗi ba ya jin haushin wannan, shi ma kariya ce gare shi daga wanda ke karya masa farashi da rabin waya. Bayan an gama, a tada injin babu kaya, a auna amper a layi uku ɗaya bayan ɗaya: su zo kusan daidai da juna, kuma su tsaya ƙasa sosai da adadin da ke kan faranti. In an mayar da shi rijiya a sake aunawa yana ɗaga ruwa, a rubuta adadin a littafin ƙungiya, domin ranar da ya fara hawa an samu labari tun kafin wari ya fito.

Famfunan hasken rana da ke yaɗuwa a lambunan jahar Maraɗi a ƴan shekarun nan sun raba manomi da takardar wuta da jarkar mai, amma ba su raba shi da naɗin waya ba. Farantan rana suna ba da kuran mai tafiya gaba ɗaya, wani akwati ya sarrafa shi ya riƙa ba naɗi uku bi da bi, luguden nan dai ne a ƙasan rijiya. Yashi da ƙafewar ruwa suna kashe su kamar yadda suke kashe na NIGELEC.

A cikin akwatin wutar kowane famfo mai layi uku ana sa wata ƴar na'ura mai tsaron inji, wadda ke yanke wuta idan kuran ya wuce adadin da aka saita mata, ko layi ɗaya ya ɓace. Kuɗinta bai kai kusa da na sabon naɗi ba. Sai dai tana da hali guda da ke ɓata wa mai ban-ruwa rai: takan yanke ne daidai lokacin da ake tsananin son ruwa, da rana tsaka a watan Afrilu, ga layin manoma kowa na jiran rabonsa. A nan ne wani mai dabara kan buɗe akwatin, ya murɗa ta zuwa ƙarshe, ko ya tsallake ta da guntuwar waya, ruwa ya dawo, kowa ya sa masa albarka. Wakilin ƙungiya da ya zo duba famfo, kafin ya tambayi komai, ya fara buɗe wannan akwati ya gwada lambar da aka saita da wadda ke rubuce a farantin injin.